Ka Jona Ka Gani Kafin Ka Ƙirga Kuɗi: Amsoshi ga Masu Zane da Kwamfuta

Saƙonnin wannan mako kusan duka daga masu zane suka fito, masu katin biki da kalanda da sitika da allon shago. Kowa kukansa ɗaya ne: kwamfuta ta yi nauyi, aljihu kuma bai yi ba. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Malam, ina da Dell OptiPlex 9020 da na saya okaziyo, i5 ce, RAM ɗinta giga 4. Ina aiki da CorelDRAW da Photoshop. Idan na buɗe su tare sai ta sandare, har mai aiki ya gaji da jira ya tafi. Abokaina sun ce katin hoto zan saya. Jika 60 na tara. Daga wani matashi a Zango.

Amsa: Ƙanena, abokanka ƴan wasan kwamfuta ne, kai kuwa sana'a kake yi. Ciwon kwamfutarka ba a katin hoto yake ba, wato allon da ke sarrafa abin da sikirin ke nunawa. Fara da ma'ajiya: daina aiki a kan tsohon faifan nan mai juyi, ka sa SSD, ma'ajiyar da babu abin da ke juyi a cikinta. Faifai mai juyi da ƙyar yake wuce mega 150 a daƙiƙa, SSD irin na SATA kuwa yana kaiwa kusan 550, kuma ba ya ɓata lokaci wajen lalubo ƙananan fayil. A ranar za ka ga bambanci, tun daga kunnawa. Giga 256 zai ɗauki Windows da manhajojinka, amma in kuɗi sun kai ka ɗauki 512. Tsohon faifan ka bar shi a ciki ya zama rumbun ayyukan da ka gama. Sai RAM, wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da ka buɗe. Photoshop kaɗai giga 8 yake nema a ƙalla, kai ga shi kana haɗa shi da Corel a kan 4. Kai ta 16. Kwamfutarka RAM irin DDR3 take ci, DDR4 ba zai ma shiga raminta ba domin tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, kada wani ya ce maka “danna da ƙarfi”. Sanda biyu masu giga 8 iri ɗaya sun fi tarkacen da ba su san juna ba. Siririn SSD ɗin nan da ake kira NVMe kuma kada ka karɓa sai ka buɗe akwatin ka ga raminsa da idonka. Abin da ya yi saura ka riƙe, za ka ga amfaninsa a tambayar wuta da ke ƙasa.

Tambaya: Wane irin fanka mai fitilu kala-kala ya fi kyau, da akwati mai gilashi? Ina son shagona ya burge. Daga Sabon Gari.

Amsa: Ban taɓa ganin wanda ya biya kuɗin katin ɗaurin aure saboda fitilar fanka ba. Ka tambaye ni wani abu daban.

Tambaya: Malam, na ga wani yana tallan katin hoto GTX 1050 Ti a WhatsApp, sabo fil a kwali, kuɗinsa bai kai rabin na shago ba. Ya ce in tura kuɗi a sako mini a mota. In tura? Daga wani ɗalibi a Jami'ar André Salifou.

Amsa: Kada ka tura, ɗana. Ko dala kada ka tura. Kuma ka ba ni aron kunnenka, domin wannan magana ta daɗe tana cin raina.

Wannan katin yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya. Yadda ake yi shi ne a samo tsohon kati, galibi GTS 450 wanda ya fito tun 2010, a sauya rubutun da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, a ɗora masa sabon murfi mai sheƙi. Idan ka jona shi, Windows za ta rubuta maka GTX 1050 Ti ɓaro-ɓaro, domin abin da katin ya faɗa mata shi take maimaitawa. Na gaskiyar ya fito a 2016, ƙwayoyin aikinsa 768 ne, ma'ajiyarsa giga 4. Na jabun ƙwayoyi 192 gare shi, ma'ajiyar kuma sau da yawa giga 1 ce tak. Ranar da ka buɗe babban aiki ya nemi abin da aka yi masa ƙaryar akwai, sai sikirin ya cika da zane-zane ko manhajar ta rufe da aikinka. Alama ta farko da ido ake ganinta: in ka ga shuɗin ramin VGA mai ƙananan huji 15 a bayan katin, ka ajiye shi, domin 1050 Ti na asali ba ya zuwa da shi. Ta biyu, in aka haɗa maka da faifan CD aka ce da shi kaɗai katin ke tashi, to ka san dalili. Ta uku, manhajar GPU-Z kyauta ce, tana nuna adadin ƙwayoyin, kuma takan rubuta gargaɗin jabu a gaban sunan irin waɗannan katuna.

Ba daga sama nake magana ba. Shekarun baya na sayi SSD a hannun wani, an rubuta tera 1 a jiki, kwalin har da leda. Na yi murna da araha. Na kwashe ayyukan mutane na zuba, kwamfuta tana nuna komai lafiya. Sai ranar da wani dattijo ya dawo neman a sake buga masa kalandar walimar ɗansa. Na danna fayil, suna yana nan, ciki babu komai. Na duba na gaba, haka. Da dare na sa wuƙa na ɓanɓare robar. Abin da na tarar: wani ɗan guntun allo da bai kai babban yatsa ba, an manne shi da gam, sai wani guntun ƙarfe da aka liƙa don abin ya yi nauyi a hannu. Kuɗin ba su dame ni ba kamar yadda na tsaya gaban dattijon nan washegari ina ba shi haƙuri, hotunan kuma ba shi da wasu. Irin wannan ma'ajiya tana karɓar duk abin da ka ba ta, idan ainihin cikinta ya cika sai ta riƙa rubuta sabo a kan tsoho, ba tare da ta ce maka uffan ba. Manhajar H2testw ce ke tona ta: tana cika ma'ajiyar tun daga farko har ƙarshe, sannan ta karanta ta ga ko abin da ta zuba yana nan. Tana cin awoyi. Ka ba ta awoyin. In kuma na hannu ne, CrystalDiskInfo za ta nuna maka awa nawa ya yi yana aiki da yadda lafiyarsa take, ko da yake akwai masu wayon goge wannan lissafi, shi ya sa ba a dogara da ita ita kaɗai.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu ba baƙi ba ne a ciniki. Mutumin da zai je Kasuwar Dole sayen ragon layya, ya buɗe masa baki ya duba haƙori, ya shafa gadon baya, ya sa a zagaya da shi, shi ne zai tura jika 40 ga lambar da bai san fuskar mai ita ba, don ya ga hoton kwali. Matanmu sun san atamfar asali da ta kwaikwayo da taɓawa kawai. Me ya sa da an ce kayan kwamfuta sai mu miƙa wuya? Saboda kunyar a ce ba mu sani ba. To, rashin sani ba abin kunya ba ne. Ka sa manhajojin nan uku a kile USB, ka tafi da wanda ya fi ka sani, a jona a gabanka. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin gwaji, a Damagaram yake ko a Kano, kuma akwai su da yawa a can da nan. Wanda ya ce “ai sabo ne, ba a buɗewa”, ka yi masa sallama. A rubuta maka rasit da lambar jikin kayan da kwanakin garanti, ko mako ɗaya ne. Kada sunan babban kamfani a kwali ya ruɗe ka, sunan da ya fi karɓuwa shi aka fi kwaikwaya. Haka katunan RX 580 da suka cika kasuwa da araha: da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana a wurin masu haƙar kuɗin intanet, aka zubar da su bayan Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen nan, ta daina wannan tsari a 2022. Ga shi katin yana jan wat 185, alhali ƙananan kwamfutocin ofis da muke saye akwatin wutarsu duka wat 200 da wani abu ne, babu ma wayar da za ta ciyar da shi. In har aikinka ya kai ga bidiyo kana bukatar kati, nemi mai wat 75 da ba ya son ƙarin waya, gajere wanda zai shiga akwatinka, ka kuma saye shi hannu da hannu.

Tambaya: Kawu, hankalina a tashe yake. Na yi wa wata Hajiya katin bikin ƴarta, a sikirin shuɗin ya yi kyau ƙwarai, da aka buga sai ya fito kamar ya kwana a rana. Ta ƙi karɓa. Ban daɗe da fara sana'ar ba, ko ni ce ban iya ba? In sauya kwamfuta? Daga wata ƴar'uwa a Birni.

Amsa: Kwantar da hankalinki, ƴata. Babu mai zanen da wannan bai taɓa samu ba, kuma kwamfutarki ba ta yi laifi ba. Sikirin da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, shi ne CMYK, kuma akwai shuɗi da kore masu walƙiya da tawada ba za ta taɓa kamo su ba. Duk aikin da za a buga, tun farko ki buɗe shi a CMYK, hotuna kuma a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. A Photoshop ki danna Ctrl da Y, zai nuna miki kusan yadda zai fito a takarda. Ki rage hasken sikirinki, yawancinmu muna ƙure shi. Kafin a buga ɗari biyar, ki sa a buga ɗaya, ki kai wa Hajiya ta gani ta amince da bakinta. Wannan takarda ɗaya ita za ta raba ku da rigima. In kin tashi sayen wani abu, sikirin za ki saya, irin IPS, inci 24. Gane shi ba wuya: ki buɗe hoton fuska, ki sunkuya ki kalle shi daga ƙasa, ki koma gefe. In fuskar ta yi baƙi ko ta koɗe, irin TN ne, ki bar shi. In na hannu ne ki sa farin shafi ya cika shi, ki duba ko ya yi ruwan ƙwai ko akwai ɗigo. Ki koma wurin Hajiya da girmamawa ki sake mata aikin. Allah ya sa albarka a sana'ar.

Tambaya: Mai shago ya ce i7 ta fi i5 ko ta halin ƙaƙa. Haka ne? Daga Matamaye.

Amsa: Ba haka ba ne. i5 da i7 sunayen firosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Dubi farkon lambar da ke bayan sunan, shi ke nuna zamani. i7-2600 zamani na 2 ce, ta 2011, zuciya 4 gare ta, wato sassan da ke aiki lokaci guda. i5-8500 zamani na 8 ce, ta 2018, zuciya 6, kuma ta fi ta nesa ba kusa ba. Sitika a jikin akwati ba hujja ba ce, a kunna ka karanta a ciki. Ka kuma sani Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zamani na 8 take farawa. Mai sayen kwamfuta yanzu ya yi ƙoƙari ya fara daga nan. Kai ma na Zango ka ji: taka zamani na 4 ce, kada ka narka mata kuɗi fiye da abin da na faɗa. SSD zai bi ka zuwa sabuwa, DDR3 ba zai bi ka ba.

Tambaya: Sau biyu akwatin wutar kwamfutata yana ƙonewa cikin shekara ɗaya. Me ke jawo haka? Daga Garin Malam.

Amsa: Malam, wuta da zafi da ƙura, ukun nan su ke cinye kwamfuta a garin nan. Kafin ka sake sayen komai, nemi UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, wanda muke ce wa ondilar, mai daidaita ƙarfin wuta a cikinsa. Mai 650 VA ya ishi kwamfutar ofis da sikirin ɗaya. Ba don ka ci gaba da aiki aka yi shi ba, mintoci kaɗan zai ba ka ka adana ka kashe. Kada ka jona masa firinta mai leza, za ta kayar da shi. Batirinsa ba ya son zafi, in bazara ta yi ma'auni ya haura 40 kada ka tura shi lungun da iska ba ta shiga. In an maido wuta ko an tada janareta, ka ɗan jira ta zauna kafin ka kunna. Akwatin wutar da za ka saya kuma ka auna shi a hannu: wanda aka rubuta wa wat 500 amma ya fi gwangwanin madara sauƙi, shi ne yake tafiya da SSD da RAM ranar da zai mutu. Ɗauke kwamfutar daga ƙasa ka ɗora a tebur. Da hunturu, duk wata ka cire waya, ka buɗe murfi, ka riƙe fanka da yatsa don kada ta yi ta juyi, ka hure ƙurar da abin hura iska. In an shekara biyu ba a sauya man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyayarta ba, kai wa mai gyara ya goge ya sa sabo, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake.