Fure Ko Fulawa, Shuka Ko Dashe?

Wata Hajiya ce daga Aboabo, nan Kumasi, ta aiko da tambaya. Ta ce: "Malam, ina so in ƙawata gefen katangar gidana. Jikata ta ce fulawa zan shuka, maigida ya ce a'a, furanni zan dasa. Wa ke da gaskiya? Kuma mece ce shuka a idon makwarwa?"

To Hajiya, kowannensu ya kama wani ɓangare. Fure shi ne abin da tsiro ke fitarwa kafin ya yi 'ya'ya, ko a gona ko a daji. Kuɓewa na fure, wake na fure, shi kuwa mangwaro an fi cewa ya yi huda. Fulawa kalmar aro ce daga Turanci, kuma Bahaushe ya keɓe ta ga tsiron da aka ajiye don ado kawai. Ba za ki ji manomi ya ce wakensa ya yi fulawa ba, sai a yi masa dariya.

Inda maganar take da nauyi shi ne shuka da dashe. Shuka ita ce a tona rami a jefa iri a rufe. Dashe kuwa a ɗauko abin da ya riga ya rayu, ko reshe ko ɗan tsiro, a sake masa wuri. Wannan bambancin zai tsara miki aikin gaba ɗaya. Jikin katanga wurin dashe ne, wato ƙananan itatuwa masu shekara da shekaru. Lalle ne sarkinsu a wurinmu: reshe ake yanka a kafa, ya yi shinge, furensa ƙanana farare masu ƙamshi. Sai dai yana son rana, ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, ga Kumasi da damina biyu, daga wajen Maris zuwa Yuli, sannan Satumba zuwa Nuwamba. Ki ɗaga masa ƙasa kamar kunya. Bini-da-zugu ma ana shinge da shi, amma 'ya'yansa guba ne, ban so shi a gidan da jikoki ke wasa ba.

Gabansu sai masu matsakaicin tsayi irin su ɗoɗɗoya, wadda in ana tsinke mata kai take ƙara yaɗo. Can gaba kuma, bakin hanya, nan ne wurin shuka, na damina ɗaya da in sun yi iri sun gama. Zoɓo na cikinsu, shi ne na sobolo, abin shan nan da ake sayarwa a kasuwar Kejetia. Furensa ruwan ɗorawa ne mai haske, da ja a tsakiya, amma fa yakan yi tsayi, ki sa shi daga gefe kada ya tare sauran.

Makwarwa kuwa tsuntsuwa ce mai kama da ƙaramar zabuwa, sana'arta tonon iri. Wanda ya yi shuka tana kallo, yana juya baya ta bi sahu ta tone. Ana faɗin haka ga wanda ya ƙulla shiri a gaban mai iya warware shi. A Aboabo ba makwarwa, amma akwai kajin maƙwabta da awaki, don haka ki kewaye wurin da raga tun kafin iri ya shiga ƙasa.