Senbei, Gasasshiyar Shinkafar Japan: Da Me Ake Yin Sa, Kuma Za Mu Iya Ci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ya dawo daga Japan ya kawo mana tsarabar wani abu zagayayye, mai tauri, mai gishiri-gishiri, wai shi senbei. Da me ake yin sa? Kuma Musulmi zai iya ci? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Yayanki ya iya zaɓen tsaraba. Senbei shinkafa ce zalla a asalinsa, irin wadda Japanawa ke dafawa kullum. Ana niƙa ta gari, a kwaɓa da ruwan zafi, a turara, a kirɓa har ta yi laushi, sannan a murza ta fale-fale a yanka da'ira-da'ira a shanya. Sai ta bushe ƙayau ake gasawa.

A wurin gashin nan gwaninta take. Garin Soka da ke lardin Saitama, arewa da Tokiyo, shi ya fi suna tun zamanin Edo, wato ƙarni na 17 zuwa na 19, lokacin da matafiya ke yada zango a can a kan hanyar zuwa garin Nikko. Mai gashi yakan zauna gaban gawayi yana juya kowane faifai akai-akai, yana danna shi da wani madanni mai nauyi don kada ya kumbura ko ya lanƙwashe. Da ya yi ja, tun yana da zafi, sai ya shafa masa shoyu, wato ruwan nan baƙi da ake yi da waken soya da alkama da gishiri. Ƙamshin da ke tashi a lokacin shi ne senbei. Idan kin san daɗin ƙanzon tuwon shinkafa, to kin kusa gane shi. Da koren shayi marar sukari ake cin sa, kuma a ganina haka ya fi, domin sukari yakan danne ɗanɗanon gashin.

Kala-kala ne: wani a naɗe shi da ganyen teku da suke kira nori, wani da riɗi, wani da sukari mai tsakuwa. Waɗanda ake kira arare da okaki da shinkafa mai danƙo ake yin su. A garin Choshi ma akwai mai laushi, wanda ake tsomawa cikin shoyu. A 2006 kamfanin jirgin ƙasa na garin ya shiga matsi, ya roƙi jama'a su sayi nasa senbei ɗin don ya samu kuɗin duba lafiyar jirage, jama'a kuwa suka amsa.

Yanzu ga batun halacci, kuma nan nake so ki natsu. Shinkafar ba ta da matsala, abin da aka shafa mata ne abin dubawa. Masu sana'ar da dama suna haɗa shoyu da mirin, shi kuwa mirin giyar shinkafa ce mai zaƙi da ake girki da ita, barasarta ta kai kusan kashi 14 cikin 100. Wasu na kamfani kuma ana sa musu romon nama, har da na alade. Don haka ki juya ledar ki duba jerin kayan haɗin, ko ki ɗauki hotonsa da waya ta fassara miki. Ki nemi waɗannan: みりん shi ne mirin, 酒 giya, 豚 alade. Wanda duk na ga ɗayansu a jiki, ni dai ajiye shi nake yi. Shi kansa shoyu yana da 'yar barasa kaɗan da ke fitowa wajen tsimuwarsa. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan, sai ki tuntuɓi malamin da kika amince da shi. Mafi sauƙi shi ne mai gishiri kawai, ko wanda ke ɗauke da tambarin halal.

In kin buɗe, ki zuba ragowar a gwangwani mai murfi, domin laima na saurin kashe masa ƙaras-ƙaras ɗin, musamman da damina. 'Yar jakar nan da za ki gani a cikin ledar ta tsotse laima ce, ba a ci, ki nisanta ta da yara.