Ruwan tarwadata yana wari, yaya zan tace shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gina wurin kiwon kifi na siminti a bayan gida, tsawonsa mita 3, faɗi mita 2, zurfin ruwa mita 1, na zuba tarwada 150. Kwana uku kacal ruwan ya yi kore, ya fara wari, ga ruwa da tsada a unguwarmu. Zan iya haɗa matata da kaina?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Za ka iya, Malam, kuma da kayan kasuwa.

Ruwanka lita 6,000 ne. Ana so ya ratsa matata gaba ɗaya kamar duk awa biyu, wato famfo mai tura lita 3,000 a awa. Sayi wanda ya ɗan fi haka, don adadin da ke jikin kwali yana raguwa da zarar ruwa ya fara hawa bututu.

Sai ka samo duro uku na roba masu cin lita 200, ka jera su, kowanne ya ɗan fi wanda ke biye da shi tudu, don ruwan da famfo ya turo ya gangara daga wannan zuwa wancan har ya koma wurin kifin. A na farko ruwa ya shigo ta gefe yana juyawa a hankali, kashin kifi da ragowar abinci su kwanta a ƙasa. Sa makulli a gindinsa ka riƙa zubar da laka kullum. Na biyu ka cika shi da soso da tsohuwar raga.

Na ukun ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Abin da ke cutar da kifi amoniya ce, wadda suke fitarwa ta gaɓar numfashinsu da ke gefen kai da kuma kashinsu, ido ba ya ganinta, soso ba ya tare ta, kuma dafinta yana ƙaruwa a zafin Afrilu da Mayu. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da ita naitirait, wani sinadari da shi ma yake da dafi, wasu su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. Gida suke buƙata da iska. Cika duron da murafan robar ruwa ko gutsattsarin bututu, ruwa ya riƙa yayyafi a kansu. Suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su kankama, don haka ka rage abinci a lokacin. In ka ga kayan sun yi santsi da launin ƙasa-ƙasa, don Allah kada ka goge su; ɗauraye su da ruwan kifin kawai, ruwan famfo mai kulorin kashe su yake yi. Haka in wuta ta ɗauke na tsawon awanni, ƙwayoyin suna shaƙewa, shi ya sa nake ba da shawarar sola da batir.

Tarwada tana iya shaƙar iska a saman ruwa, sai ta daɗe a gurɓataccen ruwa ba ta mutu ba, amma girmanta ya tsaya. Koren kuwa gansakuka ce, rana ke ciyar da ita: yi rumfa kan rabin wurin. Duk mako ka kwashe kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan ka zuba sabo, tsohon ka ba zogale da alayyahu.