Amsa kan yadda CBRE ya girma

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ga tambayarka tun jiya, cewa yaya aka yi CBRE ya zama babban kamfanin dillancin gine-gine na duniya. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

To, gaskiya da sayen wasu kamfanoni ya ƙasaita. Asalinsa ɗan ofishin dillanci ne da Colbert Coldwell ya buɗe a San Francisco a 1906, bayan girgizar ƙasar da ta rushe garin. Can Benjamin Banker ya shigo, aka zama Coldwell Banker, shi ne CB ɗin. RE kuma Richard Ellis ne, tsohon gidan dillanci na Landan tun 1773, wanda suka sayi ɓangarensa na ƙasashen waje a 1998. Ka ga sunan ma kansa haɗe-haɗe ne.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina, ba don girma kawai suke saye ba. Dillali da la'ada yake ci, ku masu harkar filaye kun fi ni sani, in aka yi wata uku ba ciniki sai a fara taɓa uwar kuɗi. To su ma haka. A 2006 suka sayi Trammell Crow, wani kamfanin harkar gine-gine na Amurka, kan dala biliyan 2.2, kuma da bashi a ciki. Ba a jima ba kasuwar gidaje ta karye a 2008, ciniki ya tsaya, ga bashi a wuya. Wallahi sun ji jiki.

Daga nan suka ƙara matsa wa aikin kula da gini. A 2013 suka sayi Norland a Ingila, a 2015 kuma ɓangaren kula da ofisoshi na Johnson Controls, kusan dala biliyan 1.5. Waɗannan su ne masu duba na'urar sanyaya ɗaki, wayar lantarki, famfo, har da shara. Ka ɗauki banki mai rassa da yawa, ko kasuwa ta faɗi ko ta tashi, dole a gyara masa wuta, kuma kwangila ce ta shekaru, kuɗi na shigowa a kai a kai.

Sai a 2021 suka karɓi kashi 60 na Turner & Townsend, masu sa ido kan aikin gini da lissafin kuɗinsa. Hedikwatar CBRE ma ta koma Dallas tun 2020.

Yauwa, an kira salla, in da saura ka turo in na dawo.