Amsa ga baiwar Allah da ta yi tambaya kan katin inshorar lafiya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki sai da jikina ya yi sanyi, wai maigida ɗan adaidaita ne, yara uku ɗaya sikila ce, ga ciki kina ɗauke da shi, kina so ki san ko katin nan na inshora da ake cewa ana ba talaka kyauta gaskiya ne ko zancen rediyo ne kawai. Gaskiya ne, akwai shi, ni ma da shi nake lallaɓa tawa yarinyar. Amma wallahi ba yadda ake faɗa ba ne cewa da kin karɓi kati shi ke nan kin huta.

Wanda muke ciki shi ne na asusun nan BHCPF, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ce a riƙa ware kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya saboda kiwon lafiya a matakin farko, wani kaso daga ciki shi ake biya wa marasa ƙarfi inshora da shi. Tunda kin ce a Kano kike, KSCHMA ce ke riƙe da rajistar, hukumar taimakekeniyar lafiya, 'yan Kaduna kuma tasu KADCHMA. Masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da masu buƙata ta musamman su ake sawa a gaba, to kin ga ke kanki kin shiga layi da cikin nan, ƙaramin yaronki ma haka. Sai dai gurbi ne ake warewa, ba kullum ƙofa take buɗe ba. Ki je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ki tambayi shugaban asibitin ko nan ne aka zaɓa wa shirin, don yawanci guda ɗaya ne a kowace mazaɓa. Ki gaida mai unguwa ma ki faɗa masa halin da kuke ciki, su suke fara jin ranar da masu rajista za su zo. Kuma lambar NIN, don Allah ki yi wa kowa har jaririn goye, ni na ga matar da ta wuni a layi da azumi a bakinta aka ce ta koma saboda ba ta da ita.

Yanzu bari in gaya miki inda ake shan wahalar. Katin yana aiki ne a asibitin da sunanki yake, can kaɗai. In ciwo ya fi ƙarfinsu su ne za su rubuta takardar turawa babban asibiti, a nemo lambar amincewa daga hukuma, sannan babban asibitin ya karɓe ki a kan inshora. To ciwon sikila ya san da wannan? Tawa da tsakar dare ya tashi, lokacin sanyin hunturu, ƙafa da baya, tana ihu tana cewa Umma ki cire min ƙafar. Asibitin unguwarmu a rufe, sai maigadi yana jin rediyo. Muka wuce babban asibiti a adaidaitar maƙwabci, idonta ya yi fari fat, leɓenta ya bushe, likita yana dubawa ya ce jini ya yi ƙasa sai an ƙara. Na ciro kati da murnata na kai wa mutumin da ke teburin fayil. Ko karɓa bai yi ba, da bakin biro ya turo min shi, ya ce ina lambar? Na ce wace lamba malam, asibitinmu a rufe yake, ga yarinya can a kan benci. Ya ce to shi ba shi ya rufe ba. Yana maganar yana latsa waya yana cin gyaɗa, ko ɗago kai bai yi ya kalle ni ba. Na durƙusa masa har ƙasa, ni da na haife shi ko na kusa, na ce ka taimaka ka rubuta sunanta da safe in kawo takardar, ya ce Hajiya ku masu katin kyauta kun fi kowa damun mutane, in kina da kuɗi ki biya in babu ki matsa akwai mutane a bayanki. Babu kowa a bayana wallahi, ni kaɗai ce a wajen. Har yau in na tuna "masu katin kyauta" ɗin nan sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji, kamar mu muka roƙi talaucin. Na bar shi da Allah, ban yafe ba kuma ba na jin zan yafe.

A daren nan babanta ya ba da jini aka musanya, amma kuɗin leda da gwaji da ruwa da allurai duk daga aljihu, da asuba ƙanwata ta kai keken ɗinkina aka karɓa a wulaƙance, keken da nake ci da yaran da shi. Wata nas ce mai hankali, Allah ya yi mata albarka duk inda take, ta ja ni gefe da safe ta ce ai a ƙa'ida in gaggawa ce karɓar mara lafiya ake fara yi, lambar ta biyo baya, kuma akwai jami'in inshora a asibitin mai ofishinsa daban, shi ya kamata a nema ba mai fayil ba. Da rana kuwa ya zo ya buga waya, lamba ta fito, sauran kwanakin da muka yi a kwance ba mu biya gado ba. Amma wanda muka kashe ya tafi, keke ma ya tafi.

Shi ya sa nake ce miki tun yarinya tana lafiya ƙalau ki je ki karɓi lambar wayar jami'in inshora na asibitinku da ta hukumar, ki rubuta a bayan katin, ki kuma sa a wayar maigida. Ki ɗauki hoton katin a waya. Duk rasit ki ajiye ko na naira ɗari ne. Kuma kar ki bari sai ciwo ya zo, ki riƙa kai ta ana ganinta su san fuskarki, ranar da kika zo a rikice ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki leƙa ki tabbatar sunayenku sun fito a rajistar asibitin ma, don ana iya ɗaukar hotonku yau a ce sai suna ya fito kafin ku fara amfana, kuma yakan ɗau lokaci.

Maganar magani kuma, kar in yi miki ƙarya, ana samu ana rasawa. Na zazzaɓin cizon sauro, folik asid, farasitamol, gwajin jini na yau da kullum, awon ciki, waɗannan mun sha samu ba ko sisi. Wani lokacin kuma a ce babu ku je kemis. In an ce miki babu ki tambaya cikin ladabi yaushe zai zo, don asibitin ana biyansu kuɗi a kan kowane mutum da ke rajistarsu ko ya zo ko bai zo ba, ba alfarma suke miki ba. Ni sai da na san haka na daina sunkuyar da kai.

Cikin nan naki kuma ki fara awo da wuri. A watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, a asibitocin da aka zaɓa, to ki tambaya tun a wajen awo wanne ne mafi kusa da ku, ba fata ake ba amma gara ki sani. In kin haihu lafiya a duba jinin jaririn da wuri tunda kun riga kun san ku biyun kuna ɗauke da ƙwayar halittar sikila. Kuma kar ki saurari masu cewa ke kika jawo, ni uwar mijina shekara da shekaru tana cewa daga danginmu ciwon ya fito, wai a nasu ba a taɓa yi ba, har rubutu da turare ta sa aka yi ta yi wa yarinyar nan ana cewa mayu ne, sai da likita ya zaunar da ɗanta a gabanta ya ce daga uwa da uba ake gado, shi ma AS ne. Ko a lokacin cewa ta yi likitan yaro ne.

In gurbin kyautar bai samu ba akwai wanda mutum ke biya da kansa duk shekara, a hukumar jiha ko shirin GIFSHIP na NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, tunda dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2022 cewa ta yi inshorar ta zama dole ga kowa. Na san a kuɗin adaidaita da ake kai balas kullum abu ne mai nauyi, amma ko yarinyar kaɗai ku fara sawa, ku shiga adashi saboda shi. Wata maƙwabciyata haka ta yi wa nata yaron. Kuma ki ce wa maigida ya tambaya a ƙungiyarsu ta 'yan adaidaita ko suna shiga a ƙungiyance.

Sanyi ya kusa, ki nema mata safa da rigar sanyi tun yanzu, ruwa kuma ta yi ta sha ko ba ta jin ƙishi, gidan sauro kar a yi wasa da shi. In kin je asibitin mazaɓar taku ki dawo ki faɗa mana me suka ce miki. Allah ya ba ta lafiya, ya sauke ki lafiya.