Bambancin "ready" da "willing" a Turanci

Ɗan'uwa daga Garwa ta ƙasar Kamaru, ka tambayi bambancin "ready" da "willing". Faransanci ne ke ruɗa mu, don "prêt" ta haɗa duka biyun.

"Ready" shiri ne: kaya sun hau mota, kuɗin hanya na aljihu, sai ka ce "I am ready to go". "Willing" kuwa yardar zuciya ce, ko ba ka shirya komai ba. In ɗan kasuwar Bamenda ya nemi ragi a buhun albasa, ka amince, "I am willing to reduce the price" za ka ce.

Mai ɗoki "eager" ne, mai jan ƙafa "reluctant". Don Allah kada ka manta "to" kafin aikatau, nan ake yawan tuntuɓe.