Jakar kyamara da ciwon baya: amsoshin likita

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mai ɗaukar hoto ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Da hoton biki nake cin abinci, amma abin da raina ke so shi ne hoton duwatsu da ruwa. Ranar da babu aiki sai in hau moto, wato babur, zuwa Lagdo, ko kwazazzabon Kola a wajen Gidar, in yini ina hawa da sauka. Jakata ta rataye ce, da kyamara biyu, lans (gilashin gaban kyamara) uku, ƙarfen dasa kyamara mai ƙafa uku, da ruwan sha. Na auna ta a sikeli, kilo 13 ce, ni kuma nauyina kilo 62. Duk na dawo sai kwankwasona ya riƙe kwana uku, ko ruku'u da kyar nake yi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Na ji daɗi da ka auna jakar, domin lissafin da ka kawo ya riga ya nuna inda matsalar take. Kilo 13 ya haura kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Ƙa'idar da masu hawan dutse ke bi ita ce, a tafiyar yini ɗaya kaya su tsaya wajen kashi ɗaya cikin goma, wato kilo 6 zuwa 7 a wurinka. Kai ka ninka wannan, sannan ka ɗora shi duka a kafaɗa guda.

Idan nauyi ya rinjayi gefe ɗaya, jiki yakan karkata zuwa ɗaya gefen don kada a faɗi, sai naman da ke riƙe da ƙashin baya ya yini a ɗaure ba hutu. Wannan riƙewar da kake ji, galibi gajiyar nama da jijiyoyi ce, ba ƙashi ne ya goce ba. Kada kuma ka manta da moton: duk ramin da kuka faɗa da jaka a bayanka, kwankwasonka ne ke karɓar dukan.

Nemi jakar goyo mai igiya biyu da kuma ɗamara mai kauri a ƙugu. Ɗamarar ita ce ginshiƙi. Ka fara ɗaure ta a kan ƙasusuwan ƙugu, sannan ka ja igiyoyin kafaɗa, har ka ji nauyin ya sauka a ƙugu da cinyoyi. Kaya masu nauyi su kwanta jikin bayanka, masu sauƙi su koma waje. Ƙarfen mai ƙafa uku ka ɗaure shi a tsakiyar jakar, ko ka sa gorar ruwa a ɗaya gefen ta yi masa kishiya. A kan moto kuwa, ɗaure jakar a bayan kujera.

Kafin ka fita, ka tambayi kanka lans nawa ka yi aiki da su a tafiyar da ta wuce. Babban lans na zuƙo nesa shi kaɗai yakan kai kilo ɗaya da rabi. In hoton faɗin ƙasa za ka ɗauka, bar shi a gida. Ruwa ne kawai ban yarda ka rage ba, ko da yake kowace lita kilo guda ce. Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana wuce digiri 40.

Wani abu da na lura da shi a wurin abokan sana'arka: sukan dasa ƙarfen gajere, su sunkuya minti ashirin suna jiran rana ta faɗi daidai, jaka kuma tana rataye. Sauke jakar tukuna. Ɗaga ƙarfen ya kai idonka, in kuwa hoton na ƙasa ne, ka durƙusa da gwiwa.

Tambaya: Likita, na sunkuya zan ɗauki jakata a saman dutsen Ngaundare sai na ji wani abu ya tsarga mini. Yau mako biyu ciwon yana sauka daga ɗuwawu ta bayan cinya har dunduniya, kamar ana tsittsira mini allura. Abokina ya ba ni tramol, in na sha ina iya fita aiki. In ci gaba?

Amsa: Ƙanena, ka daina. Tramol yana rufe ciwon ne, sai ka sake ɗaukar kayan da suka ji maka rauni ba ka sani ba. Yana kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da shi, kuma yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Mun ga abin da ya yi wa samari da yawa a garuruwanmu, ba na so ka shiga sahunsu.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da dannewar babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai faifan guringuntsi mai taushi. In mutum ya sunkuya ya murɗa jiki da kaya a hannu, faifan yakan bulluƙo ya taɓa jijiya. Akasarin masu wannan suna samun sauƙi cikin makonni ba tare da tiyata ba, amma ka je likita ya gwada ƙarfin ƙafarka, shi zai zaɓa maka magani. Kafin nan ka ajiye jakar, ka riƙa ɗan tattaki a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Akwai alamun da ba a kwana da su. In fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya daina ji, ko ƙafa ta fara jan ƙasa, ka tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Jinkiri a nan yana iya barin mutum da nakasa.

Tambaya: Maigidana yana raka baƙi ɗaukar hoto a duwatsun Mandara, shi ke ɗaukar musu kaya. Wata uku ke nan bayansa na ciwo, an yi masa ƙaho sau biyu, yana shan diklofenak kullum. Yanzu ya rame, yana zufa da dare, ciwon ma ya fi tsananta in ya kwanta. Kayan ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ciwon kaya yakan lafa in an kwanta. Wanda ke tayar da mutum daga barci, ga rama ga zufan dare, dole a bincika, domin tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya ma. Yana warkewa in an fara magani da wuri. Ki raka shi asibiti cikin makon nan a yi masa hoton ƙashi da sauran gwaji, ki kuma faɗa wa likita maganar ramar da bakinki, don maza sukan ɓoye. Diklofenak na kullum ya dakata da shi, yana jawo gyambon ciki, yana kuma wahalar da ƙoda, musamman ga mai yini cikin rana ba isasshen ruwa.

Tambaya: In bayana ya riƙe bayan hawan dutse, kwanciya zan yi har ya saki?

Amsa: A'a, Malam. Hutun yini ɗaya ko biyu ya isa, doguwar kwanciya ƙara sandarar da baya take yi. Gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ka ci gaba da zirga-zirgar gida. In salla a tsaye ta gagara, yi ta a zaune. Ciwo irin wannan yakan tafi cikin mako huɗu zuwa shida. In ya wuce haka bai ragu ba, ka zo a duba ka.